Shingen Magarya: Labarin Gonata a Bayan Rigachikun

Ni mutumin ƙasar Daura ne, amma a Kaduna na ƙarar da ƙuruciyata da ƙarfina, a nan na yi aure, a nan kuma aka haifi dukkan 'ya'yana. Na zo garin ne a farkon shekarun 1980, lokacin da masaƙun Kakuri suke aiki dare da rana, wasu ma'aikata na fitowa wasu na shiga, har mutum yakan ɗauka cewa wannan arziki ba zai taɓa yankewa ba. Na daɗe ina aiki a sashen rini na ɗaya daga cikinsu. Tsakanin 2002 da 2007 manyan masaƙun suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, dubban magidanta suka wayi gari ba su da abin yi, ni ma ina cikinsu. Da ɗan abin da na tara na kama rumfa a Kasuwar Bacci ina sayar da yadi, da ragowar kuma na sayi fili a bayan Rigachikun, cikin ƙaramar hukumar Igabi, domin zaman birni bai fitar da son noma daga jinina ba. Labarin wannan fili nake so in bayar, musamman labarin shingen da ya kewaye shi, saboda mutane da dama sun sha tambayata yadda aka yi ya zama abin da suke gani a yau.

Filin bai wuce eka ɗaya da rabi ba, jar ƙasa ce mai tsakuwa, ta ɗan gangara zuwa wani ƙaramin rafi da yake ƙafewa da rani. Kafin ya zo hannuna an riga an sare duk wata bishiya da ke cikinsa an yi gawayi, ba abin da ya rage sai kututture. Shekarun farko masara na riƙa shukawa da takin zamani, kamar yadda kowa yake yi a yankin, amma kowace damina sai amfanin ya ragu, kuɗin taki ya ƙaru, wuta-wuta kuma ta ƙara mamaye wuri. Ruwan Agusta idan ya sauko ba ya tsayawa ya shiga ƙasa. Gudu yake yi ya kwashe ƙasar sama ya zuba a rafi, ya bar min kwari yana ƙara faɗi. Babbar matsalar kuwa ita ce dabbobi. Da zarar an yi girbi an saki awaki da tumaki, shanu kuma sun fara ratsowa, duk dashen mangwaro ko gwaiba da na sa sai a wayi gari an cinye shi har ƙasa. Katangar bulo ta fi ƙarfin aljihuna. Na ja waya mai ƙaya, aka warware ta da dare aka tafi da ita. Na yi darni da kara, gara ta ci gindinsa, abin da ya rage kuma wutar daji ta watan Janairu ta lashe.

Cikin wannan hali ne babbar 'yata, wadda take karatun aikin gona a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ta zo hutu ta nuna min wani bidiyo a wayarta. Wata gona ce a Ingila da aka kewaye da shinge mai rai, kauri gare shi har tunkiya ba ta iya ratsa shi, ga furanni farare sun lulluɓe shi. Turawa suna kiran bishiyar hawthorn, masana kuma suna kiran danginta Crataegus. Ƙaya ce ta ƙasashe masu sanyi, tana fure a watan Mayu, ta yi jajayen 'ya'ya ƙanana waɗanda tsuntsaye suke rayuwa a kansu lokacin hunturu, kuma da ita aka yi mafi yawan shingayen gonakin Ingila a ƙarni na 18 da na 19, lokacin da aka rarraba filayen kiwo na jama'a aka killace su. Da na gama kallo na ce mata ta nemo mana irin ko nawa ne. Sai ta yi murmushi ta ce, "Baba, ko an kawo ba za ta yi mana ba. Irinta sai ya kwanta cikin sanyin ƙanƙara kafin ya tsira, wani ma yakan haura shekara a ƙasa, bishiyar kanta kuma tana buƙatar wannan sanyin kafin ta yi fure yadda ya kamata. Su tasu ƙayar suka ɗauka suka yi shinge da ita. Mu wace ce tamu?" Ban yi dogon tunani ba na ce mata magarya.

A wannan hutun ne ta yi min bayanin tsarin da ake bi a gonar da muka kalla, wanda ake kira famakalca. Wasu mutanen Ostareliya biyu ne, Bill Mollison da David Holmgren, suka tsara shi a shekarun 1970, suka fitar da littafinsu na farko a 1978. Jigonsa shi ne a tsara gona ta yi kama da daji: manyan bishiyoyi a sama, ƙanana a ƙarƙashinsu, ganyaye da masu yaɗo a ƙasa, a tare ruwan sama kada ya gudu, kada a bar ƙasa tsirara, kuma duk abin da aka dasa ya zama yana yin aiki fiye da ɗaya. Na saurare ta da kyau, kuma a gaskiya rabin abin da ta faɗa na riga na gan shi a gonar mahaifina, inda gawo yake tsaye a tsakiyar gero, wake yana yaɗo a ƙarƙashi, shanun Fulani kuma suna kwana bayan girbi su bar taki. Abin da waɗannan mutane suka ƙara, kuma ban raina shi ba, shi ne zama a yi nazarin fili kafin a taɓa shi: daga ina ruwa yake shigowa, ta ina iska take bugowa, wane gefe rana ta fi duka, sannan a ba kowane abu mazauninsa.

Ta kuma ba ni labarin mutane biyu da suka fi kusa da mu. Ɗaya shi ne Yacouba Sawadogo, manomin Burkina Faso da ya farfaɗo da ƙeƙasasshiyar ƙasa ta hanyar haƙa ramuka yana zuba taki a ciki, dabarar da mutanen Nijar suke kira tassa. Ɗayan kuma Tony Rinaudo ne, wani masanin aikin gona ɗan Ostareliya, wanda tun 1983 ya riƙa nuna wa manoman Maraɗi cewa kututturen da ke gonakinsu suna da rai, idan aka zaɓi toho biyu ko uku aka bar su aka datse sauran za su koma bishiya, abin da ake kira sassabe na zamani. Su biyun an ba su babbar kyautar girmamawa ta duniya a Suwidin a 2018. Wannan na Maraɗi shi ne abin da na fara aiwatarwa tun kafin shinge, domin ba ya cin ko sisi. Daga kututturen da masu gawayi suka bar min na tayar da ɗorawa ɗaya, da kaɗanya biyu, da taura da kalgo.

Magarya kuwa ba baƙuwa ba ce a wurina. A ƙauyenmu tana bakin kowace gona da kowane burtali, kuma duk wanda ya yi wayo a lokacin farin 1973 ya san abin da ta yi wa mutane. Ina yaro a lokacin, amma ina tuna mata suna fita da sassafe da ƙwarya, su kakkaɓo busassun 'ya'yanta, a zuba a turmi a daka a hankali yadda ƙwallon ba zai fashe ba, a tankaɗe garin, a dama wani a sha, wani kuma a cuɗa shi a turara ya zama tuwon magarya mai ɗan zaƙi da ɗan tsami, wanda yake daɗewa bai lalace ba. Ganyenta kuma shi ya riƙe awakin da suka tsira. Bishiyar da ta yi wannan a shekarar da gero ya ƙone ba ta buƙatar wani ya yabe ta a gabana. Abin da ban taɓa gani ba shi ne a dasa ta da gangan a jere, a rene ta, a sarrafa ta. A wurinmu Allah ne yake shuka ta, awaki da tsuntsaye su yaɗa irin, mu kuma mu sare rassanta mu yi shingen ƙaya matacce wanda ake sabuntawa kowace shekara.

Irin daga gida aka aiko min, busassun 'ya'ya cike da ƙaramin buhu, daga wasu bishiyoyi da na san 'ya'yansu da zaƙi. Ƙwallon magarya tauri gare shi ƙwarai, idan aka shuka shi yadda yake yakan daɗe bai tsira ba, wani ma ba zai tsira ba sam. Don haka muka zauna a tsakar gida, ni da mai ɗakina da yara, muka goge naman muka bar ƙwallayen suka sha rana, sannan muka riƙa ɗora su kan dutse muna ƙwanƙwasawa da ƙaramar guduma. Aikin yana son sanyin hannu, domin idan aka buga da ƙarfi ƙwayar ciki ta dagargaje, idan kuma aka yi sako-sako ƙwallon ya tsallake ya ɓace a cikin yashi. A mafi yawansu akan sami ƙwaya biyu, ƙanana, ja-ja masu sheƙi. Waɗannan ƙwayoyin idan aka jiƙa su kwana ɗaya aka shuka, cikin mako ɗaya zuwa biyu suke fitowa. Na zuba su a ledoji masu tsawo a watan Afrilu ina ba su ruwa, domin magarya uwar saiwarta take fara zurawa ƙasa kafin ta damu da yin tsawo, kuma idan ta daɗe a leda saiwar ta naɗe, dashen ba ya yin ƙarko. Da ruwa ya zauna a watan Yuni na kai su gona.

A nan ne bambancin Kaduna da arewa mai nisa ya bayyana, kuma ina jan hankalin duk wanda zai gwada a kan wannan. Dabarun da ake yaɗawa na ramin tassa da ramin tare ruwa mai siffar rabin wata an yi su ne domin ƙasashen da ruwansu bai wuce milimita 400 zuwa 600 a shekara ba. Kaduna kuwa tana samun fiye da milimita 1,000, yawancinsa kuma a Yuli da Agusta da Satumba yake zuba. Ƙaramar magarya idan aka sa ta a rami a jar ƙasa mai riƙe ruwa, ruwan ya kwanta a gindinta, sai ganyen ya yi rawaya ta ruɓe. Saboda haka muka juya dabarar. Muka haƙa dogon rami a kewayen gonar, muka tara ƙasar a gefensa ta zama kunya mai tudu, a kan kunyar aka dasa magaryar, ramin kuma ya zama matarar ruwa. A cikin gonar ma mun haƙa irin waɗannan ramuka guda uku a gicciye da gangaren. Domin mu gane layin da ba ya karkata ko'ina, 'yata ta haɗa sanduna uku ta rataya dutse da igiya daga sama, muka riƙa tafiya da shi muna kafa turaku. Tun daminar farko ruwan da yake gudu ya zama yana tsayawa ya nutse, kwarin da yake cin gonar kuma na cike bakinsa da duwatsu na dasa jema da gamba.

Layi biyu na yi, tsakanin dashe da dashe kamar kamu ɗaya, na layin ciki yana fuskantar gurbin na waje yadda idan sun girma ba za a sami kafa ba. Abin da zai ba mutum dariya shi ne, shingen da aka dasa domin ya hana awaki shi kansa sai an kare shi daga awaki, don ba abin da akuya take so kamar ɗanyen tohon magarya wanda ƙayarsa ba ta yi ƙwari ba. Rani biyu na farko sai da na riƙa sayen rassan ƙaya ina jibgawa a kansu. Duk da haka wasu sun tafi, gara ta ci wasu, na cike gurabensu da damina ta zagayo. Maƙwabtana a gona sun yi ta yi min ba'a, wani dattijo ma ya ce tun da yake bai taɓa ganin wanda ya yi wa ƙaya banruwa ba sai ni. Ban ji haushinsa ba, domin a idon wanda ya saba sassabe, abin da nake yi ya yi kama da taɓin hankali.

A shekara ta uku sun wuce tsawon mutum, amma sai ƙasansu ya fara zama fili, ɗan akuya yana iya sunkuyawa ya shige. Nan ne abin da na gani a bidiyon Ingila ya yi min amfani. Su abin da suke yi shi ne su sari gindin bishiyar kusa da ƙasa amma kada su raba shi, su bar ɓawo da ɗan itace a gefe ɗaya, sannan su kwantar da ita a kan ta kusa da ita, su kafa turaku su riƙe. Bishiyar ba ta mutuwa, sai ma ta fitar da sabon toho daga gindin da kuma duk tsawon jikin da aka kwantar. Na gwada da magarya a ƙarshen rani, dab da faɗuwar ruwa, ta kuwa karɓa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a nan maganar ba karin magana ba ce kawai, domin wadda gindinta ya wuce kaurin ƙotar fartanya karyewa take yi maimakon ta kwanta.

Aikin kansa ba na wasa ba ne. Ƙayar magarya bibbiyu take fitowa a gindin kowane ganye, ɗaya miƙaƙƙiya ɗaya kuma lanƙwasassa kamar ƙugiya. Miƙaƙƙiyar ta soke ka, idan ka zabura ka janye hannu sai lanƙwasassar ta riƙe ka, ta yagi riga ta haɗa da fata. Na sayi safar hannu ta fata irin ta masu walda a Panteka, na sami sanda mai baki biyu da nake tura reshe da ita, adda kuma kullum a wase. Mutum biyu ake bukata, ɗaya yana sara ɗaya yana danna reshen da sanda yana saƙa shi cikin na gaba. Wanda ya yi gaggawa zai koma gida da jini. Amma da damina ta ratsa kansa, sabon toho ya fito ya sarƙe da tsoho, sai shingen ya zama abin da ko kare ba ya gwada shiga, kuma tun daga lokacin ban sake asarar dashe ɗaya saboda dabba ba.

Da shinge ya tsaya, sai cikin gonar ya samu damar zama abin da aka tsara. Kusa da ƙofa, inda na haƙa rijiya, nan ne kayan miya suke, wato alayyafo da kuɓewa da yakuwa da tattasai, saboda su ne suke son a duba su kullum. Gaba kaɗan akwai zogale da gwanda da ayaba a bakin ramukan ruwa, sannan mangwaro da gwaiba da lemo, can ƙarshe kuma bishiyoyin daji da na tayar daga kututture. Masara ban daina ta ba, amma yanzu tare da wake da gyaɗa da kabewa take tafiya, kuma ba na ƙone kara ko ganye, shimfiɗa su nake yi a ƙasa su ruɓe. Magarya ba ta cikin bishiyoyin da suke ƙara wa ƙasa sinadarin naitirojin kamar yadda gawo da wake suke yi, don haka kada wani ya ce maka ita ce za ta maye gurbin taki. Abin da take yi shi ne ta karya ƙarfin iskar hunturu, ta tare ƙura da ganyen da iska ta kwaso su taru a gindinta, ta riƙe kunya da saiwarta. Tana kuma da nata zalunci, domin saiwoyinta na gefe suna shigowa gona su yi gasa da shuka. Maganin wannan shi ne ramin da ke cikin shingen, wanda nake sake zurfafawa duk shekara ina datse saiwar da ta ƙetaro.

Wajen ƙarshen damina take yin fure, ƙanana masu launin kore da rawaya, ba su da kyan gani kamar na waccan ta Turai, warinsu ma ba kowa yake so ba, amma ƙudan zuma ba sa barin su. Wannan ya sa na rataya amya biyu a kan ɗorawa. Masu sayar da magungunan Musulunci suna kawo zumar sidir daga Yaman su sayar da tsada, alhali daga furen dangin wannan bishiyar ake samun ta. Tsuntsaye sun dawo suna sheƙa a cikin ƙayar inda shaho da kyanwa ba sa kai musu, na kuma sha ganin bushiya a gindin shingen da magariba. Ba zan ɓoye ba, macizai ma suna samun mafaka a ciki, shi ya sa nake share taku biyu tsakanin shinge da shuka, ba na kuma barin jikokina su je tsintar 'ya'ya ba takalmi.

Akwai wani Bafulatani dattijo da yake ratsowa da shanunsa ta gefen rafi kowane rani, wanda a da mun sha yin ka-ce-na-ce da yaransa a kan ɓarna. Wata rana ya tsaya a bakin ƙofa ya yi sallama, ya daɗe yana duban shingen, sannan ya ce, "Malam, ka hutar da kanka, ka hutar da mu." Na ce masa, "Baffa, ai dama ba shanunka ne da laifi ba, gonar ce ba ta da ƙofa." Tun daga ranar, idan na yi datsa a watan Afrilu, lokacin da ciyawa ta ƙare ƙaf, nakan jibge rassan a waje yaransa su kakkaɓe ganyen su ba dabbobi, shi kuma yakan sa a kawo min taki daga mashekarinsu. Ban ce shinge zai warware rikicin manoma da makiyaya ba, wannan magana ce da ta fi gonata girma, amma tsakanina da wannan bawan Allah ya warware.

Daga baya 'yata ta kawo min labarin magarya mai aure. Akwai nau'o'in da aka inganta a Indiya, irin su Gola da Umran da Seb, masu 'ya'ya manya da suka kusa kai girman ƙwan kaza, ana cin su ɗanye suna ƙaras-ƙaras. Cibiyar bincike ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai ta yaɗa su a Nijar da maƙwabtanta da sunan tuffar Sahel. Ana ɗaukar ido daga reshen ta Indiya a ɗaura a jikin tamu ta gida, kamar dai yadda ake yi wa mangwaro. Na samu rassa ta hannun wani mai renon dashe, muka aurar da 'yan bishiyoyi da na ware a cikin gona, ba na jikin shinge ba. Sun kama, kuma shekara na zagayowa suka fara 'ya'ya. Amma a Kaduna suna da wahalar da ba su da ita a busassun ƙasashe. Laimar ƙarshen damina tana jawo musu wata farar cuta mai kama da toka a ganye da ƙananan 'ya'ya, ƙudan 'ya'yan itace kuma yana huda manyan ya sa ƙwai, ka ɓare ka tarar da tsutsa. Nakan tsince duk wanda ya faɗo in binne shi da zurfi, in kuma rage rassan tsakiya domin iska ta ratsa. Ana datse su sosai da bazara, saboda a kan sabon reshe magarya take yin 'ya'ya. Ra'ayina shi ne mutum ya ajiye biyu ko uku domin marmari da ɗan ciniki, amma kada ya dogara da su, kuma kada ya sa su a shinge. Ta gida ba ta neman magani, ba ta neman lallashi, daga Nuwamba zuwa Janairu kuma ba ta taɓa hana yara abin tsotsa ba, ga shi masana sun tabbatar tana da bitamin C mai yawa.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne yadda ganyen zai zama dalilin da ya fi kawo mutane ƙofar gonata. Duk Musulmi ya san matsayin magarya. Ta zo a Alƙur'ani a Suratun Najmi inda aka ambaci magaryar tuƙewa, ta zo a Suratul Waƙi'a cikin ni'imomin Aljanna a matsayin magaryar da ba ta da ƙaya, kuma a hadisin Ummu Aɗiyya, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci matan da suka wanke 'yarsa su yi da ruwa da magarya, su sa kafur a wankin ƙarshe. A cikin garin Kaduna kuwa, inda darbejiya da malaina da turare suka cika ko'ina, sai a yi rasuwa a rasa inda za a sami ɗanyen ganye sai an je kasuwa an sayi busasshe wanda ba a san shekarunsa ba. Yanzu mai ɗakina tana shanya shi a inuwa, ta daka ta tankaɗe ta ƙulla a leda, idan aka kaɗa garin a ruwa har kumfa yake yi. Na wankan gawa da na masu ruƙiyya ba ma karɓar kuɗinsa, wannan mun yanke tun farko. Mata masu wanke gashi da shi su ne suke saya, kuɗin kuma nata ne. Ranar da yayana ya rasu a nan Kaduna, daga bishiyoyin da muka fasa ƙwallayensu a tsakar gida aka tsinko ganyen da aka yi masa wanka.

Ba zan ce gonar ta mayar da ni mai kuɗi ba. Ta dai ɗauke min cefanen kayan miya mafi yawan shekara, ta rage min sayen takin zamani ƙwarai, tana ba mu itacen girki daga datsa, da zuma, da 'ya'yan itacen da muke ci mu kai saura Kasuwar Kawo ranar Talata. Jihar Kaduna ba ta cikin jihohi 11 da shirin Babbar Koriyar Ganuwa, na dashen bishiyoyi domin tare hamada, ya shafa a Nijeriya, wannan ya sa wasu suke ganin maganar dashen bishiya ta mutanen Yobe da Sakkwato ce, alhali duk wanda yake bin hanyoyin shigowa garin nan yana ganin buhunan gawayi jibge a bakin titi, kuma kowane buhu daga jikin wata bishiya ya fito.

Matsalar da take gabana yanzu ta daban ce. Gari ya iso inda nake, gonakin da suke kewaye da ni an yanka su fuloti-fuloti an fara gini, hanyar da shanu suke bi ta zama layin unguwa. Wani sabon maƙwabci ya kai ƙarata wurin mai unguwa cewa ƙaya tana yagar tufafin yaransa tana kuma fasa tayar babur, kuma da na duba na ga yana da gaskiya. Muka daidaita a kan cewa zan riƙa aske gefen waje sau biyu a shekara, in kwashe duk reshen da ya faɗi a hanya in ƙone, kada tsawon ya wuce inda hannu da adda suke kaiwa. Shi ya sa duk wanda ya zo neman dashe nake fara tambayarsa inda zai sa, idan gidan zama ne a tsakiyar unguwa nakan ce ya dasa ɗaya a kusurwa ya rene ta ta zama bishiya, shinge kuwa na gona ne da lambu. Kauci ma ya fara kama wasu tsofaffin rassa ta gefen rafi, tsuntsaye ne suke kawo irinsa, kuma ba shi da magani sai a sare reshen tun daga ƙasan inda ya kama. Wannan aikin da sake kwantar da gefen gabas, wanda ƙasansa ya fara buɗewa, su ne na sa a gaba kafin ruwan bana ya sauka, in Allah ya kai mu, kuma na riga na yi magana da samari biyu daga cikin sababbin maƙwabtan da suka ce suna so su koyi yadda ake saran.